Babi na Uku: Baraka, Mai Rainon da Ba Ta Gusa Ba

Wa ya riƙe Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan mahaifiyarsa ta rasu? Ka yi wannan tambaya a kowace makarantar Islamiyya, kafin ka rufe baki yara sun ɗaga hannu: kakansa Abdulmuɗɗalib, bayansa kuma baffansa Abu Ɗalib. Amsar daidai take. Amma duk macen da ta taɓa goyo tana da wata tambayar a bayan wannan. Abdulmuɗɗalib dattijo ne mai yawan shekaru, shugaban Ƙuraishawa, wanda ake yi wa shimfiɗa a inuwar Ka'aba jama'a su kewaye shi. To wa ke tashin yaron da safe? Wa ke yi masa wanka, ya wanke masa tufafi, ya lura ko ya ci ko bai ci ba? In ya farka cikin dare yana neman mahaifiyarsa, hannun wa ke dafa shi?

Littattafan tarihin Annabi sun ba da amsa, sai dai a 'yan layuka kaɗan da mai karatu kan wuce da sauri. Sunanta Baraka. An fi saninta da Ummu Aimana, Allah Ya ƙara mata yarda.

Baiwa a gidan Abdullahi

Baraka 'yar Habasha ce, baƙar fata, kuma baiwa. Tana cikin ɗan abin da Abdullahi ɗan Abdulmuɗɗalib, mahaifin Annabi (SAW), ya bari lokacin da ya rasu a Yasriba, garin da daga baya ya zama Madina, matarsa Amina tana ɗauke da ciki. Abin da ya bari bai taka kara ya karya ba: 'yan raƙuma, 'yan awaki, sai wannan yarinya. Haka aka lissafa ta, tare da dabbobi, domin haka al'adar Makka take a wancan zamani.

Na ce yarinya, kuma akwai dalili. An haifi Annabi (SAW) a Shekarar Giwa, wajen 570 miladiyya. Ita kuwa Baraka ta haifi ɗanta Usama ne bayan an fara saukar da wahayi, wato fiye da shekara arba'in bayan haka. Macen da za ta haihu a wannan lokaci, ba shakka ƙaramar yarinya ce sa'ad da Amina ke naƙuda. Ke nan a farkon al'amari Baraka irin yaran nan ne da muka sani a gidajenmu, waɗanda ake ɗaura wa jariri a baya alhali su ma ba su gama girma ba. Babu wanda ya tambaye ta ko tana so. Babu iyayenta a kusa, babu danginta, harshen garin ma ba nata ba ne.

A babin da ya gabata mun bi jaririn zuwa ƙauyen Banu Sa'ad, wurin Halimatu, matar da ta shayar da shi. Da ya dawo Makka yana ɗan shekara huɗu zuwa biyar, mutum biyu ya tarar a gida: mahaifiyarsa da Baraka.

Hanyar Abwa'i

Yana ɗan shekara shida Amina ta ɗauke shi zuwa Yasriba, domin ya ga dangin kakansa na wajen uwa, Banu Najjar, ita kuma ta ziyarci kabarin mijinta. Tafiya ce ta fiye da kilomita 400 cikin sahara, a kan raƙuma biyu, Baraka na tare da su. Sun yi kamar wata guda a can. Zaman ya zauna a zuciyar yaron, domin bayan shekaru masu yawa, da ya yi hijira zuwa garin, ya gane gidan da suka sauka, ya kuma tuna cewa a ruwan Banu Najjar ya koyi iyo.

A hanyar komowa Amina ta kwanta rashin lafiya. Ta rasu a wani ƙauye da ake kira Abwa'i, tsakanin Madina da Makka, aka binne ta a can.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata. Yaro ɗan shekara shida, wanda bai taɓa ganin mahaifinsa ba, wanda bai daɗe da rabuwa da matar da ta shayar da shi ba, ga shi tsaye a kan kabarin mahaifiyarsa a garin da bai san kowa ba. Fuska ɗaya ce ya sani a wurin, ta wata matashiyar baiwa wadda ita ma ta rasa uwargijiyarta, kuma ba ta da tabbacin abin da gobe za ta zo mata da shi. Ita ta ɗora shi a kan raƙumi. Ita ta yi kwanakin da suka rage tana lura da ruwansa da abincinsa da inuwarsa, tana amsa tambayoyin da yaro kan yi a irin wannan hali, waɗanda manya ma kan rasa amsarsu. Ta kai shi Makka lafiya ta danƙa shi a hannun kakansa.

Cewa ranar ta yi masa nauyi ba zato ba ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW), yana babban mutum, ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa, ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka. Mutum ɗaya ne a duk duniya ya ga wancan yini tare da shi.

Shekara biyu bayan rasuwar Amina kakan ma ya rasu. Daga bakin Baraka aka samo labarin cewa ta ga yaron yana bin makarar kakansa yana kuka. Aka mayar da shi gidan Abu Ɗalib, ta bi shi. Ka lissafa: gidan Halimatu, gidan Amina, gidan Abdulmuɗɗalib, gidan Abu Ɗalib. Gida huɗu kafin ya cika shekara tara. Masu riƙo suna canzawa, mai raino tana nan. An ma ruwaito cewa wata rana Abdulmuɗɗalib ya tarar da jikansa ya yi nisa da gida tare da wasu yara, ya dawo yana ja wa Baraka kunne kada ta sake ta yi sakaci da shi. Wannan jan kunne da kansa shaida ne a kan wanda ake tambaya in an rasa yaron.

Me ya sa tsayuwar mutum ɗaya take da nauyi haka?

Mun yi imani Allah ne Ya tsare Annabinsa, kuma Suratu Duha ta ambaci maraicinsa da matsugunin da Ubangijinsa Ya yi masa. Amma Allah kan yi aikinsa ta hanyar sababi, kuma sababin da Ya zaɓa a nan ya cancanci a dube shi da kyau, domin darasi ne game da kowane yaro.

Ƙaramin yaro bai san duniya ba, mutum ya sani. In ya ji yunwa ya yi kuka, wani ya zo. In ya tsorata ya miƙa hannu, wani ya ɗauke shi. Idan mai zuwan nan mutum ɗaya ne yau da gobe da jibi, sai yaron ya kafa wani abu a ransa wanda zai rayu da shi har tsufa: in na kira za a amsa. Da wannan natsuwa yake samun ƙarfin halin rarrafawa ya bar gindin uwa, ya taɓa wannan ya leƙa wancan, ya dawo. Kamar turke ne ga ɗan akuya: yana iya zagayawa iyakar tsawon igiyarsa hankali kwance, saboda akwai abin da ke kafe a tsakiya.

Kakanninmu sun san wannan ba tare da sun rubuta ba. Likitocin zamani sun zo sun tabbatar da shi ta hanya mai ɗaci. A 1951 wani likitan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto game da yaran da suka rasa gidajensu, ya nuna cewa jariri na bukatar dangantaka mai ɗumi kuma mai ɗorewa da uwarsa, ko da wata tsayayyiya da ta maye gurbinta. Da gwamnatin gurguzu ta faɗi a Romaniya a ƙarshen 1989, duniya ta ga gidajen marayu ɗauke da yara fiye da 100,000. Ana ba su abinci a kan lokaci, amma ma'aikaciya ɗaya ce ke kula da jarirai masu yawa, kuma ta yau ba ita ce ta gobe ba. Masu ziyara sun ba da labarin ɗakuna cike da jarirai amma shiru, domin sun daina kuka tun da kukan ba ya kawo kowa. Daga baya masu bincike suka bi diddigin yara 136 a birnin Bukarest, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar kafin su kai shekara biyu sun fi sauran farfaɗowa, a magana da fahimta da iya sabo da mutane.

Abin lura shi ne, ba lallai wannan tsayayyen mutum ya zama wadda ta haifa ba. Kaka tana iyawa, gwaggo tana iyawa, kishiyar uwa mai tsoron Allah tana iyawa. Baiwa daga Habasha ma ta iya. Sharaɗin shi ne ta kasance tana nan, kuma ta damu.

'Yanci da gida nata na kanta

Da Annabi (SAW) ya auri Nana Khadija yana ɗan shekara 25, ya 'yanta Baraka. Ta auri Ubaidu ɗan Zaidu, mutumin Yasriba daga ƙabilar Khazraj, ta haifa masa ɗa namiji, Aiman, wanda da shi ake yi mata alkunya. Mijin ya rasu ya bar ta da maraya. Da wahayi ya sauka tana cikin na farkon da suka ba da gaskiya. Wannan bai kamata a ɗauke shi da sauƙi ba. Mai raino ta san yaro ciki da bai; ta ga fushinsa, ta ga abin da yake yi in yana zaton ba mai ganinsa. Da akwai ƙarya ko ha'inci a halinsa, da ita ce ta farko da za ta sani. Ta san shi shekara arba'in, kuma da ya ce an aiko shi ba ta yi jinkiri ba.

Aurenta na biyu da Zaidu ɗan Harisa aka ɗaura. Shi ma bauta ce ta kawo shi Makka: an sace shi yana yaro, aka sayar, ya faɗa hannun Khadija, ta ba mijinta shi. Da mahaifinsa ya gano inda yake ya zo fansarsa, Zaidu ya zaɓi zama da Annabi (SAW). Baraka ta girme shi nesa ba kusa ba. Allah Ya ba su Usama, wanda sahabbai suke yi wa laƙabi da abin ƙauna ɗan abin ƙauna. Bayan hijira, da Annabi (SAW) ya aiki Zaidu Makka ya kwaso iyalinsa, ayarin ya ƙunshi 'ya'yansa Faɗimatu da Ummu Kulsum, da matarsa Sauda, da Ummu Aimana da ɗanta. A cikin iyali aka ƙidaya ta.

Usama ya ɗebo launin mahaifiyarsa, alhali Zaidu fari ne, kuma masu baki ba su bar wannan ya wuce ba. Bukhari ya kawo cewa wata rana Annabi (SAW) ya shiga wurin Nana A'isha fuskarsa na walƙiya don murna. Wani gwanin gane dangantaka ta kamannin jiki, Mujazziz, ya ga Zaidu da Usama kwance sun lulluɓe kawunansu, ƙafafunsu kaɗai a waje, ya ce waɗannan ƙafafu jini ɗaya ne. Annabi (SAW) bai taɓa shakka ba. Murnarsa ta toshe bakin masu tsegumi ce a kan mutuncin matar da ta rene shi.

Kuma rainon da ta yi masa ya dawo kan ɗanta. Yakan ɗora Usama a cinya ɗaya, jikansa Hasan a ɗayar, ya rungume su ya yi musu addu'a tare. Tirmizi ya ruwaito cewa ya taɓa yunƙurin share wa Usama majina da hannunsa, har A'isha ta nemi ya bar mata. Namijin da ba ya ƙyamar majinar yaro, a wani wuri ya ga ana yi.

Faɗan uwa

Labarai biyu ne suka fi nuna mini matsayinta, kuma dukansu daga Anas ɗan Malik suke, wanda ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma.

Na farko, ya raka shi gidanta ziyara. Ta kawo masa abin sha a ƙwarya, bai sha ba, ko don yana azumi ko don ba ya bukata. Sai ta hau shi da faɗa, tana ɗaga murya tana mita. Wannan mutum ne da manyan sahabbai ke runtse murya a gabansa. Ita kuwa har yanzu yaron da ta saba lallaɓawa ya ci abinci take gani, shi kuma ya bar ta ta yi faɗanta.

Na biyu ya fi tsawo. Da muhajirai suka iso Madina hannu rabbana, mutanen gari suka ba su aron itatuwan dabino su ci amfaninsu. Ummu Sulaim, mahaifiyar Anas, ta ba Annabi (SAW) wasu itatuwa, shi kuma ya ba Ummu Aimana. Da Allah Ya buɗa, muhajirai suka samu abin kansu, aka fara mayar wa masu dabino dabinonsu. Dangin Anas suka aike shi ya karɓo nasu, Annabi (SAW) ya ba shi. Sai ga Ummu Aimana ta iso, ta sarƙafa wa Anas mayafi a wuya, tana rantsuwa da Allah ba za a karɓe abin da aka riga aka ba ta ba. Annabi (SAW) bai tsawata mata ba, bai kuma tsaya yi mata bayanin bambancin aro da kyauta ba. Ya ce ta saki, zai ba ta kaza a madadi. Ta ce a'a. Ya ƙara, ta ce a'a. Haka ya yi ta ƙarawa har ya ba ta kusan ninki goma.

Ina son wannan labari domin bai goge ta ya mayar da ita wata marar aibi ba. Tsohuwa ce mai zafi, mai riƙe abin da ta ɗauka haƙƙinta ne. Shi kuma ya mayar wa Ummu Sulaim dukiyarta, ya kuma faranta wa mai rainonsa, asarar ta faɗa a kan aljihunsa. An ruwaito cewa uwa yake kiranta, yana kuma cewa ita ce ragowar mutanen gidansu.

Abin da ta bayar

A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, tana cikin matan da ke shayar da ruwa suna ɗaure raunuka. Da wasu suka juya da baya suka nufi gari, an ruwaito cewa ta tare su tana watsa musu ƙasa, tana cewa su karɓi mazarinta su ba ta takubbansu. Shekara ta 8 kuwa ta zo mata da rashi biyu. Mijinta Zaidu ya yi shahada a Mu'uta yana jagorantar runduna. Bayan 'yan watanni, a yaƙin Hunaini, lokacin da mutane suka watse, ɗanta Aiman yana cikin ƙalilan da suka tsaya tare da Annabi (SAW), kuma a nan aka kashe shi. Saura Usama, wanda Annabi (SAW) ya naɗa shugaban runduna a kwanakinsa na ƙarshe, yana saurayi bai kai shekara ashirin ba, da manyan sahabbai a ƙarƙashinsa.

Bayan wafatin Annabi (SAW) a shekara ta 11, Sayyidina Abubakar ya ce wa Sayyidina Umar su je su gaishe ta kamar yadda Manzon Allah ya saba yi. Da suka shiga ta fashe da kuka. Suka lallashe ta da cewa abin da ke wurin Allah ya fi masa alheri. Ta ce ta san da haka. Abin da ke sa ta kuka shi ne wahayi ya yanke daga sama. Sai su ma suka kama kuka tare da ita. Matar da ta fi kowa hujjar yin kukan uwa, ta hango rashin da ya fi nata girma.

Su Baraka na gidajenmu

Da wuya ka shiga gidan mai hali a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba ka tarar da wata yarinya da aka kawo daga ƙauye ba. Ita ke goyo, ita ke wankin ƙazantar jariri, ita ke rarrashi in uwa ta tafi aiki ko biki. Sau da yawa wata dillaliya ce ta kawo ta, kuma ita ke karɓar kuɗin watan. Yaran gida na makaranta, ita tana gida. In an sami saɓani kaɗan a sallame ta a kawo wata, jaririn da ya saba da bayanta ya kwana uku yana kuka, a ce rigima ce kawai. Mukan ce ɗa na kowa ne, amma ba kasafai muke tuna cewa ita ma mai goyon 'yar wani ce ba.

Ban ga yadda mutum zai karanta labarin Baraka ya ci gaba da wannan hali hankalinsa kwance ba. Annabi (SAW) ya 'yanta mai rainonsa, ya aurar da ita, ya ba ta dukiya, ya ɗauki ɗanta kamar jikansa, ya riƙa taka ƙafa zuwa gidanta har ƙarshen rayuwarsa, har ziyararta ta zama abin da halifofi ke gada. Mu aƙalla muna iya sa tamu a makaranta, mu danƙa mata haƙƙinta a hannunta, mu hana 'ya'yanmu yi mata tsawa, in lokacin aurenta ya yi mu tsaya mata. Wanda kuma ya girma, yana da kyau ya tambayi mahaifiyarsa sunan wadda ta goye shi, ya bincika ko tana raye.

Baraka ba ita kaɗai ce ta tsaya a kan yaron ba bayan rasuwar kakansa. Gidan da suka koma yana da uwargida, Faɗimatu 'yar Asad, matar Abu Ɗalib, kuma gida ne mai yawan baki da ƙarancin abinci. Yadda mace ke karɓar maraya a cikin 'ya'yanta alhali tukunyar ba ta isar su, ba tare da yaron ya ji bambanci ba, shi ne abin da babi na gaba zai duba.